Wahalar Kalmar Nema a Kantin Manhajoji: Nazari Daga Mubi

Duk wanda ya buɗe Play Store a wayarsa ya rubuta "Mubi" a gurbin bincike, ba garin nan da ke gindin duwatsun Mandara zai fara cin karo da shi ba. Abin da zai hau sama shi ne manhajar MUBI, mallakar wani kamfanin nuna finafinai ta intanet mai mazauni a Landan. Wani ɗan ƙasar Turkiyya, Efe Çakarel, shi ya kafa kamfanin a 2007 da sunan The Auteurs, a 2010 ya raɗa masa MUBI. A 2025 kamfanin zuba jari na Sequoia ya sa masa dala miliyan 100, aka ƙiyasta darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya. A shekarar ce kuma ya sayi haƙƙin nuna My Father's Shadow na Akinola Davies Jr., fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun finafinan bikin Cannes na Faransa. Kamfanin bai yi wa kowa laifi ba, dacewar suna ce kawai. Sai dai abin da ta haifar shi ne, garin da ya zama hedikwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, garin da ke da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na arewa maso gabas, ba shi da iko da sunansa a kantin manhajoji.

Ban san da wannan ba sai da ɗan wana, wanda ke karatun kwamfuta a garin, ya haɗa wata 'yar manhaja ta sanar da farashin shanu da hatsi. Wata huɗu ya yi yana fama da ita, yana zuwa tike da ƙafarsa yana tambayar dillalai. Da ya zo saka ta a kanti, sai ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ga wani jadawali cike da lambobi.

"Bappa, duba nan. Sunan garin ya fi ƙarfinmu, an riga mu. Amma ka ga 'farashin shanu'? Babu wahala ko kaɗan, fili ne fetal."

Haka kuwa aka yi, cikin 'yan kwanaki manhajarsa ta hau sahun farko a kan wannan kalmar. Bayan wata guda, waɗanda suka sauke ta ta hanyar bincike ba su cika yatsun hannu biyu ba. Tun daga ranar nake bibiyar lambar nan da ta faranta masa rai, wadda masu wannan sana'a ke kira wahalar kalma. Abin da na fahimta shi ne ma'auni ne mai amfani, amma an ƙera shi ne domin kasuwar da masu sayayyarta ke rubuta kalma ɗaya da haruffa iri ɗaya, kuma tamu ba haka take ba.

Abin da lambar ke aunawa

Apple ya buɗe App Store ranar 10 ga Yuli, 2008, da manhajoji kusan 500. Google ya biyo baya a watan Oktoba na shekarar da Android Market, wanda ya koma Google Play a Maris 2012. Yau kowane ɗaya daga cikin kantunan biyu na ɗauke da manhajoji fiye da miliyan guda, kuma babu mai iya zagaye irin wannan kasuwa rumfa-rumfa. Bincike ne ƙofar shiga. Apple da kansa ya ce kashi 70 cikin ɗari na masu ziyartar kantinsa da bincike suke lalubo abin da suke so, kuma kusan kashi 65 na saukewa suna biyo bayan bincike ne kai tsaye. Daga nan wata sana'a ta taso, ta gyara sunan manhaja da bayaninta domin ta fito a sama idan an nema, wadda ake taƙaita sunanta da ASO.

Filin da aka ba mai manhaja ya yi wannan gyaran ɗan kaɗan ne. A App Store suna ba ya wuce haruffa 30, ƙaramin take na ƙarƙashinsa 30, sai wani ɓoyayyen gurbi na kalmomi mai haruffa 100, wanda mai sayayya ba ya gani amma injin bincike yana karantawa. A Google Play babu wannan ɓoyayyen gurbin. Suna 30 ne, bayan an rage shi daga 50 a 2021, gajeren bayani 80, dogon bayani 4,000, kuma daga cikin waɗannan injin yake tsintar kalmomi. Tun da wurin ya yi ƙaranci, dole mutum ya zaɓa, kuma zaɓin ne ya haifar da buƙatar ma'auni.

Ma'aunan da aka fi dogara da su biyu ne. Na farko yana ƙiyasta yawan masu neman kalma. Na biyu, wato wahala, yana ƙiyasta ƙarfin waɗanda suka riga suka mamaye ta. Kamfanoni irin su AppTweak na Beljiyam, da Sensor Tower na Amurka wanda ya haɗiye data.ai a 2024, da MobileAction da AppFollow, su ke sayar da waɗannan lambobi, galibi a kan sikelin da ke ƙarewa a 100. Kowanne da nasa lissafin, amma ginshiƙin kusan ɗaya ne: a ɗauki manhajojin da ke sahun gaba a kan kalmar, yawanci goman farko, a duba yawan saukewar da suke samu, da yawan waɗanda suka ba su taurari da matsakaicin taurarin, da ko kalmar tana cikin sunansu ko kuwa a gefe kawai take. Idan goman nan ƙattai ne, lambar ta hau. Idan ƙanana ne, ta sauka.

Abin lura na farko shi ne lambar ba daga Apple ko Google take fitowa ba. Kantunan biyu ba su taɓa wallafa cikakken tsarin da suke jera sakamako da shi ba. Abin da kamfanonin nan ke yi ya yi kama da aikin dillalin da ya tsaya a bakin tike, ya dubi shanun da aka shigo da su, ya ce maka yau kasuwar bijimai ta cika, kada ka kawo naka. Ƙwarewa ce ta gaske, kuma sau da yawa maganarsa takan tabbata. Amma shanun ya gani, bai ga aljihun masu saye ba. Shi ya sa kalma ɗaya a rana ɗaya takan samu maki daban-daban a wurin kamfanoni biyu.

Na biyu, wahala ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da ƙarfin mai tambaya. Kalmar da take da sauƙi ga OPay ko Moniepoint dutse ce ga ɗalibin da ya saka manhajarsa jiya. Wasu kamfanonin sun gane haka, suka ƙara maki na uku da ke auna damar manhajar mutum ita kanta. Na uku kuma, lambar tana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, domin kantin Najeriya da na Kamaru ba jeri ɗaya suke nunawa ba. Ga mutumin Kano wannan ba wani abu ba ne. Ga mutumin Mubi, wanda rabin abokan cinikinsa ta hanyar Sahuda suke shigowa daga Kamaru da sefa a aljihu, babban al'amari ne.

Sunan da aka riga ka

Kalmar "Mubi" misali ce ta abin da ake kira kalmar sunan kamfani. Irin waɗannan kalmomi suna yaudarar ma'auni ta hanya ta musamman. Matsayi na ɗaya a kulle yake, babu mai karɓe shi daga mai sunan. Waɗanda ke biye da shi kuwa suna iya kasancewa tarkace ne marasa ƙarfi, don haka idan aka haɗa goman aka raba, lambar ba za ta nuna tsananin abin ba. Sai mutum ya ga kamar akwai wuri a na biyu ko na uku. Wurin yana nan, amma ba shi da albarka, domin galibin masu rubuta kalmar finafinai suka zo nema. Za su ga hoton saniya su wuce. Kantunan kuwa suna lura da adadin waɗanda suka ga manhaja suka sauke ta, kuma wucewar da ake yi mata shaida ce a kanta cewa ba ita ake nema ba.

Abin yana taɓa zuciya fiye da yadda lissafi zai nuna. Mutanen garin nan sun ga lokacin da aka yi yunƙurin sauya masa suna da bakin bindiga, bayan an mamaye shi a ƙarshen Oktoba 2014, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Sunan yana da nauyi a wurinsu. Amma injin bincike ba ya sanin tarihi, yawan saukewa yake ƙirgawa. Mafitar da sana'ar ta tanada ita ce a tsawaita kalma: a bar "Mubi" tsurarta, a nemi "kasuwar Mubi" ko "farashin shanu Mubi", inda kamfanin finafinai ba shi da abin cewa. Shawara ce mai kyau, kuma ita ɗan wana ya bi. A nan ne ya faɗa cikin matsalar da ta fi ta farko zurfi.

Kalma ɗaya, rubutu bakwai

Ma'aunin wahala ya ginu ne a kan zaton cewa kalma abu ɗaya ce: masu nema suna taruwa a kanta, masu manhaja suna gasa a kanta. A Hausar waya ba haka abin yake ba. Mu ɗauki kalmar da babu shakka tana cikin waɗanda Hausawa suka fi nema. Wani zai rubuta Alƙur'ani, wani Alkur'ani, wani Alqur'ani, wani Alkurani, wani Kur'ani, wani Qurani, wani kuma Quran ya ƙara Hausa a gaba. Idan mai manhaja ya jera waɗannan bakwai a ɓoyayyen gurbin Apple, da waƙafi a tsakaninsu ba tare da tazara ba, sun cinye haruffa 59 daga cikin 100. Bai ambaci tafsiri ba, bai ambaci fassara ba, bai ambaci sunan mai karatu ba. Takwaransa mai rubutu da Ingilishi haruffa biyar ya kashe a kan wannan buƙatar.

Tushen wannan rarrabuwa ya girmi waya. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin aikin Rupert East a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairu 1939 ta taimaka wajen yaɗa ƙa'idar. Amma keken rubutu ba shi da su, wayoyin farko ba su da su, kuma tsararraki biyu sun saba da rubuta "kasa" suna nufin ƙasa, "baki" suna nufin baƙi, mai karatu ya gane daga zance. Yau Gboard na Google yana da allon Hausa, amma 'yan kaɗan ne ke kunna shi. A kan haka kuma ga bambancin Najeriya da Nijar, inda mu muke rubuta 'y su kuma suke rubuta ƴ.

Akwai wani ɗan bayani na fasaha da ya kamata masu haɗa manhaja su sani. A tsarin Unicode, harafin é na Faransanci yana rabuwa gida biyu, e da alamar da ke kansa, don haka na'ura tana iya cire alamar cikin sauƙi ta ɗauki "marché" da "marche" a matsayin abu ɗaya. Harafin ƙ ba ya rabuwa haka. Shi harafi ne mai zaman kansa, ba k da ƙari ba, haka ɗ da ɓ. Kafin injin bincike ya san cewa mai rubuta "kamus" da mai rubuta "ƙamus" abu ɗaya suke so, sai wani ya zauna ya tanadar masa wannan da gangan. Wannan ya shafi manhajar mutum ita kanta: wanda ya saka gurbin bincike a cikin ƙamus ɗinsa na Hausa bai kula da wannan ba, rabin masu amfani da shi za su ɗauka kalmar da suke nema babu ita.

Sai batun jam'i. Shawarar Apple ga masu manhaja ita ce kada su ɓata wuri wajen saka jam'in kalmar da suka riga suka saka tilonta. Ga harshen da ke ƙara s a ƙarshe, shawara ce mai kyau. Amma wace na'ura ce za ta gane cewa saniya da shanu dangi ne, ko akuya da awaki, ko littafi da littattafai, in ba an koya mata Hausa ba? Kowace ɗaya kalma ce daban a idonta, da nata ɗan ƙaramin adadin masu nema.

A Mubi lamarin ya ninka. Hausa ce harshen kasuwa, ita ke haɗa Bafulatani da Gude da Fali da Marghi da Kamwe, har cocin EYN, mai hedikwata a Kwarhi kusa da garin, da Hausa aka raɗa mata suna: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Amma harshen da ake ciniki da shi ba lallai ne ya zama harshen da ake rubutawa a waya ba. Makiyayin da ke cewa nagge da na'i a gida, ya ce luumo idan yana nufin kasuwa, ɗansa mai riƙe da wayar da Ingilishi zai rubuta, domin da shi aka koya masa rubutu a makaranta. Falken da ya ƙetaro daga Kamaru kuwa wayarsa da Faransanci take magana. Buƙata ɗaya ce, ta sanin nawa aka sayar da bijimi a kasuwar da ta wuce, amma ta watse cikin harsuna huɗu da rubutu iri-iri. Ma'auni ya ɗauki ɓangare ɗaya daga ciki, ya ga babu ƙattai a kansa, ya ce babu wahala. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta ɗan wana ba ce. Shi wahalarsa ba abokan gasa ba ne, tattaro masu nema ne.

Inda ma'auni ya makance

Wani zai ce ai shi ya sa ake duba ɗaya ma'aunin, na yawan masu nema. Haka ne, kuma a nan gibin ya fi faɗi. Lambar da ta fi kusa da tushe ita ce wadda Apple ke bayarwa ta hanyar sashensa na talla a sakamakon bincike, wanda ya fara a 2016. Tana tashi daga 5 zuwa 100. Duk kalmar da masu nemanta ba su kai wani adadi ba, 5 ake ba ta, ko mutum ɗari ke nemanta ko babu ko ɗaya. Kalmomin Hausa da yawa a wannan ƙasan suke kwance, ba a iya bambance mai rai da matacciya. Kuma lambar daga masu iPhone aka samo ta, alhali wayoyin da ke hannun mutane a unguwannin Lokuwa da Shuware da Wuro Gude galibinsu Tecno ne da Infinix da itel, 'ya'yan kamfanin Transsion na Shenzhen, masu aiki da Android. Google kuwa ba ya wallafa irin wannan lambar a fili domin Play Store, don haka abin da kamfanonin ke nunawa a ɓangarensa ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

Ƙari a kan haka, kantunan ba su ware wa Hausa shafi ba. Google Play yana ba mai manhaja damar rubuta bayaninsa da harsuna da dama, cikinsu har da Swahili da Amharik da Zulu da Afirkans. Babu Hausa a jerin, babu Fulatanci. Wannan abin mamaki ne daga kamfanin da ya saka Hausa a Google Translate tun Disamba 2013, ya ƙara Fulatanci a Yuni 2024, ya kuma sanar da shigar Hausa cikin binciken murya a Oktoba 2024. A App Store ma babu ita. Abin da mai manhaja ke yi shi ne ya cusa Hausarsa a shafin Ingilishi, haruffa 30 ɗin nan su ɗauki harsuna biyu. Injin da ke karanta shafin da ƙa'idojin Ingilishi zai karanta shi.

Kasuwar da ba ta bi ta ƙofa

Ko da an warware duk waɗannan, akwai tambayar da ta rage: kashi nawa na manhajojin da ke cikin wayoyin Mubi suka shigo ta bincike? Wanda ya taɓa zama a rumfar mai cajin waya ya san amsar da idonsa. Na zauna a ɗaya da yamma, janareta na ƙugi a baya, wayoyi sun fi talatin a jere kan katako, kowace da 'yar takarda mai lamba an manna mata. Wani dattijo ya miƙo tasa.

"Yaro, sa mini karatun Malam Ja'afar, da abin nan na lokacin salla."

"To, Baba. Akwai wuri a wayar kuwa? Bari in goge waɗannan bidiyoyin."

Bai buɗe Play Store ba. Xender ya kunna, cikin minti biyu ya tura masa daga tasa wayar, ba a ci data ko ta kobo ba. Dattijon bai rubuta kalma ba, bai ga taurari ba, bai zaɓa tsakanin manhajoji goma ba. Yaron ne ya zaɓa masa. Wannan saukewar ba ta bi ta ƙofar kanti ba, ba za ta ƙara wa manhajar ƙarfi a bincike yadda saukewar kanti ke yi ba, kuma kwafin da aka tura yana iya zama tsoho. Ga kuma Palm Store, kantin da ke zuwa a cikin wayoyin Transsion, da fayilolin da ke yawo a zaurukan WhatsApp. Manhaja tana iya cika gari alhali a idon ma'auni ba ta da ƙarfi, sai wanda ya zo gasa da ita ya ga lamba ƙarama ya ɗauka fili babu kowa.

Wani abin da lambar wahala ba ta ɗauke da shi kuma shi ne lafiyar manhaja. Tun ƙarshen 2022 Google ya bayyana iyaka: idan fiye da kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani da manhaja a rana suna gamuwa da mutuwarta farat ɗaya, ko fiye da kashi 0.47 suna gamuwa da sandarewarta, ana iya rage fitowarta a kanti. A kan samfurin waya guda kuma iyakar kashi 8 ce. Ɗalibin da ya gwada aikinsa a kan wayarsa mai ƙarfi, bai gwada a kan ƙaramar itel da ta cika da hotuna ba, yana iya rasa matsayinsa a kan kalmar da ma'auni ya ce masa kyauta ce.

Arhar kalmomin Hausa tana da wata fuskar da ke damuna. Inda babu gasa, babu mai ture mugun kaya gefe. Kalmar Ingilishi ta neman bashi tana cikin masu tsananin gasa a kantin Najeriya, kuma an ga irin ta'asar da wasu manhajojin bashi suka yi, na tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta shigo ciki, Google kuma ya hana su taɓa lambobin waya da hotunan mutane daga ƙarshen Mayu 2023. Wanda ya kasa samun wuri a can yana iya juyowa kan rance da lamuni da bashi, inda ba a cunkushe ba. Haka sunayen malamai: kowa na iya tattara karatun wani shehi, ya lafta masa talla, ya saka sunan a take, ya hau sama, ba tare da almajiransa ko iyalinsa sun sani ba. A ganina wannan ya isa dalilin da zai sa cibiyoyin addini da makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa fitar da nasu manhajojin da sunayensu, ko da ba su neman riba. Kuɗin rajista a Google dala 25 ne sau ɗaya, a Apple dala 99 duk shekara.

Auna da kanka

Ba ina cewa a jefar da ma'aunin ba. Idan ya ce kalma tana da wahala, a yarda da shi, domin ƙattan da ya gani suna nan. Idan ya ce tana da sauƙi, musamman in kalmar Hausa ce, to labari rabi ne, sai an nemo sauran.

Hanyar nemowa ba ta buƙatar dala. Gurbin binciken Play Store yana ƙarasa wa mutum kalma idan ya fara rubutawa, kuma abin da yake kawowa alama ce ta abin da wasu suka nema. A gwada a wayar da ke Najeriya, a gwada da lanƙwasa, a gwada babu ita, a gwada tilo da jam'i, a rubuta abin da ya fito. Sannan Play Console na Google yana nuna wa mai manhaja kalmomin da suka kawo mutane shafinsa, ko da yake waɗanda masu nemansu ba su da yawa yakan dunƙule su wuri ɗaya ba tare da suna ba, kuma a can yawancin namu suke ɓuya. Google ya kuma ba da damar yin shafi na musamman ga wata ƙasa, wanda ke nufin ana iya tanadar wa Kamaru da Nijar da Chadi nasu da Faransanci a gaba.

Mafi inganci a wurina shi ne wata dama da dokar Google ta tilasta ba da niyya ba. Tun Nuwamba 2023, sabon mai rajista da sunan kansa ba zai saki manhaja ba sai wasu mutane sun gwada ta kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ne, daga baya aka rage zuwa 12. Yawancin ɗalibai abokan ajinsu suke tarawa domin su cika sharaɗi. Da dillali biyu aka saka, da mai awon hatsi, da direban tirela, da mai cajin waya, aka miƙa wa kowanne wayarsa aka ce ya nemo manhajar ba tare da an faɗa masa sunanta ba, da an samu abin da babu kamfanin da ke sayarwa.

Wannan gwajin ɗan wana ya koma ya yi, bayan ƙarewar zangon karatu. Daga cikin waɗanda ya tara, babu biyu da suka rubuta abu ɗaya. Wani ya rubuta "kudin shanu", wani "kasuwan mubi", wani ya haɗa kalmar Ingilishi da "shanu", wani dattijo ya danna alamar makirfo ya yi magana da Fulatanci, biyu kuma suka mayar masa da wayar suka ce ya tura musu kawai. Ya sauya sunan manhajar zuwa "Farashin Shanu da Hatsi a Mubi", wanda ya cika haruffa 30 cif, ya zuba "kudin shanu" da "kasuwan" da saniya da tike da sefa a cikin dogon bayani, cikin jimloli masu ma'ana domin Google yana hukunta mai jera kalmomi barkatai. Ya rage nauyin manhajar yadda za ta zauna a ƙaramar waya. Sannan ya ɗauki kwafinta ya kai wa masu caji uku da ke kusa da tike, ya roƙe su duk wanda ke da data su buɗe masa shafin kanti ya sauke daga can, wanda ba shi da ita su tura masa.